Lambar nuna giya a babur: wa ya kamata ya sa, kuma yaya ake ɗaura ta

Sana'ata wayarin babur. Cikin kayan da samari ke kawo mini a leda, daga kasuwa ko ta odar intanet, akwai ɗan akwatin nan mai nuna lambar giya, wanda ake liƙawa kusa da mita. Kusan kowa tambayarsa ɗaya: "Oga, yana da amfani kuwa, ko asarar kuɗi ce?" Ba na amsawa sai na ga babur ɗin, domin amfanin wannan abu ba a cikin akwatin yake ba, yana can inda lambar take samo labarinta. In daga cikin injin take jin giyar da ka sa, gaskiya za ta faɗa maka kullum. In kuwa ƙirge take yi ko kintace, wata rana za ta yi maka ƙarya, kuma lambar da ke ƙarya gara babu ita.

Mu fara da wanda ba ya bukata. Mutumin da ya shekara da shekaru a kan Boxer mai giya 4, kunnensa da ƙafarsa sun riga sun san komai. Yana jin kukan injin ya san lokacin ƙari ya yi, yana jin babur ya yi nauyi a hawa ya san ragewa zai yi. Irin wannan in ya zo, ce masa nake ya riƙe kuɗinsa ya canza baƙin mai ko ya sayi takalmin birki. Haka mai roba-roba: yawancinsu sun zo da lambobin a jikin mita tun daga kamfani, in sun daina kamawa gyara ake yi, galibi ƙwai ne ya mutu ko waya ta tsinke, ba sabon akwati ake saya ba.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma aka samu masu zuwa da zancen wai abin yana rage shan mai. Ba ruwansa da kafireta, ba ruwansa da filogi. Abin da kawai zai iya yi shi ne ya tuna maka cewa kana ta gudu a 4 alhali akwai 5 a gabanka. In dama kana sa giyarka daidai, ko cokali ɗaya na mai ba zai rage maka ba.

Waɗanda nake ganin ya dace su sa, mutum uku ne. Na farko mai koyo. Duk wanda ya koya wa ƙanensa ko ɗansa babur ya san wurin da ake shan wahala: an tsaya a danja, yaro ya manta yana giya 3, an ba da hannu, ya saki kuloci, babur ya mutu, masu mota na ta yi masa hon ta baya, hankalinsa ya tashi. Lambar da ke gabansa tana cire masa wannan fargaba, ta bar shi ya mai da hankali kan titi. Na biyu mai babban babur mai giya 6, irin tsofaffin na hannu da ake shigowa da su, waɗanda da yawansu ba su zo da lambar ba. A doguwar hanya irin ta Kaduna zuwa Zariya, 5 da 6 kusan kukansu ɗaya, sai ka ga mutum yana ta ɗaga ƙafa yana neman giyar da babu. Wannan ba hatsari ba ne sosai, gajiya ce kawai.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, mai babur ɗin da giyarsa ke zagayawa. Akwai injina da yawa na China, masu zubin CG, da in ka kai giyar ƙarshe ka sake takawa, sai ta koma firi, in ka ƙara takawa sai ta faɗa 1. Wasu injinan suna da abin da ke hana hakan in babur na tafiya, wasu kuwa babu abin da zai tare ka. Ka ɗauka mutum yana gudu a 5 yana zaton 4 ce. Ya taka, injin ya yi ihu a firi. Ya ruɗe ya sake takawa, ya saki kuloci. Tayar baya ta ƙame a kan kwalta, ga goyo a baya. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa lamba a irin wannan babur, kuma abin daɗi, irin waɗannan injinan su ne suka fi sauƙin sawa.

Abin ba sabo ba ne. Suzuki tun a shekarun 1970 take sa wa wasu baburanta lambar giya daga kamfani. Abin da ya canza shi ne yanzu kasuwa ta cika da iri-iri, kwalinsu kusan ɗaya, aikinsu daban. Kafin ka biya kuɗi, buɗe kwalin ka duba wayoyin.

In ka ga wayoyi da yawa, 6 ko 7, kowace da launinta, to wannan ita ce mai jin giya daga injin. A ƙarshen gangar da ke juya giya a cikin injin akwai ɗan ƙarfe mai sifirin a bayansa, yana goga wani faifai mai ɗigo-ɗigon tagulla. Kowace giya da ɗigonta, kowane ɗigo da wayarsa. In ka sa 2, ƙarfen ya hau ɗigon 2, wayar ta haɗu da jikin injin, lamba 2 ta kama. Ba lissafi, ba kintace. Babur na tsaye ko na gudu, kuloci a matse ko a sake, ko injin a kashe in dai makulli na buɗe, abin da ke cikin injin shi za ka gani. Ita ce na fi so, ita ce kuma ta fi araha.

In ka ga ɗan maganaɗisu da wasu ƙananan idanu biyu masu waya, wannan mai ƙirge ce. Ana liƙa maganaɗisun a sandar giya, ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa. In sanda ta yi sama ta ƙara ɗaya, in ta yi ƙasa ta rage ɗaya. Ba ta san abin da ya faru a cikin injin ba, motsin ƙafarka kawai take gani. Kamar mai riƙe lissafin bashi da ka ne ba littafi: in ya ɓata sau ɗaya, duk abin da ya biyo baya ɓatacce ne. Ka taka sanda giya ba ta shiga ba, ita ta riga ta ƙirga. Ba za ta gyaru ba sai ka koma firi, domin wayar fitilar firi ce ke dawo mata da lissafi. Sannan ga hanyoyinmu. Taɓon damina yana rufe idanun, maganaɗisu yana tara ƙurar ƙarfe, ramuka suna gusar da tazarar da bai kamata ta wuce 'yan milimita ba. Akwai kuma matsalar da masu sayarwa ba sa faɗa: da yawa daga cikin waɗannan an tsara su ne don babur mai 1 a ƙasa, firi a tsakiya, sauran a sama. In ka sa wa babur ɗin da firinsa ke gefe guda, giyoyin duka suna bin hanya ɗaya, lissafin ba zai taɓa daidaita ba sai in tana da wurin saiti. Ni dai ba na ba kowa shawarar sayen wannan. In mutum ya riga ya saya ya matsa, ina ɗaura masa, amma sai na faɗa masa duk wannan tukuna.

Ta uku ita ce mai lissafi, wadda aka fi sa wa manyan babura. Tana karanta saurin juyawar injin da saurin tafiyar babur, ta kwatanta su, ta gane giyar. Kamfanin HealTech na ƙasar Hungary ya yi suna da irin wannan, mai suna GIpro, kuma akwai kwaikwayonsa da yawa a kasuwa. Wasu ana soka su ne kai tsaye a sokat ɗin da ake duba kwamfutar babur, ba a yanka ko waya ɗaya. A kan hanya aikinta tsaf. Amma ka san halinta tun yanzu: da zarar ka matse kuloci, ko ka tsaya cak, alaƙar injin da taya ta yanke, sai ta nuna ɗan layi ko ta tsaya a lambar baya. Wato a danja, inda mai koyo ya fi bukatarta, ba ta da abin faɗa. Ga mai neman giya ta 7 a babbar hanya ta yi daidai, ga mai koyo ba ta yi ba. Kuma babur ɗin da mitarsa ke aiki da igiyar ƙarfe daga tayar gaba ba shi da siginar gudu ta lantarki, sai an ƙara masa wata na'ura a taya, aikin ya yi yawa ga ƙaramin babur.

To, ga yadda nake ɗaura ta farko, mai wayoyi da yawa.

Kafa babur a kan babban sitan, a wuri mai tsabta, ka shimfiɗa buhu ko kwali a ƙarƙashinsa. Kwance sandar giya, ka cire murfin da ke rufe ƙaramin haƙorin sarƙa a gefen hagu. Wurin yakan cika da baƙin maiƙo da yashi, goge shi da tsumma da ɗan kananzir har ka ga jikin injin. Kusa da haƙorin za ka ga inda waya ke fitowa. Ƙirga wayoyin. In ɗaya ce tak, injinka firi kawai yake ji, kuma ba kowane irinsa ne ke karɓar faifai mai ɗigo da yawa ba, sai in dama an yi masa mazauninsa. In ka ga damin wayoyi 5 ko 6, ka yi sa'a. Sau da yawa za ka bi su ka tarar sun ƙare a wata sokat a ƙarƙashin tanki ko bayan murfin gefe, ɗaya ce kawai aka yi amfani da ita don fitilar firi, sauran suna nan a banza suna jiran ka.

Kada ka yarda da launin waya, ko da takardar cikin kwalin ta ce kaza. Kamfanoni da yawa na China suna bin launukan Honda, inda wayar firi take kore mai haske da jan layi, amma sauran sukan sauya daga wannan kamfani zuwa wancan, Bajaj kuma nasa tsarin daban. Gwadawa ake yi. Ɗauki ƙwan gwaji, ka maƙala bakinsa ɗaya a kan jan kan batir, ɗayan ka riƙa taɓa wayoyin sokat ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sa babur a firi, wayar da ta kunna ƙwan ita ce ta firi. Sa 1, kana ɗan juya tayar baya da hannu don giyar ta zauna sosai, ka sake bin wayoyin. Haka har ta ƙarshe. Kowace ka gano, naɗa mata ɗan salatif ka rubuta lambarta. Yaran shagona na hana su riƙe wannan da ka, rubutawa ake yi.

In akwai giyar da babu wayar da ta kama mata, ko ƙwan yana kamawa yana ɗaukewa, faifan ne ya yi datti ko ya cinye. Nan ne wurin da ake bukatar natsuwa. Karkata babur ɗin kaɗan zuwa dama don kada baƙin mai ya zubo, kwance sukurorin faifan, ka jawo shi a hankali da tafin ɗaya hannun a ƙarƙashi. Ɗan ƙarfen da ke bayansa bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, sifirin ɗinsa ya fi shi ƙanƙanta, kuma sukan biyo faifan su faɗo. In suka shige cikin yashi ka rasa su, ko fitilar firi ba za ta ƙara kamawa ba. Dalilin shimfiɗa buhu ke nan. Duba ɗigon tagullar, in sun yi baƙi goge su, in ƙarfen ya haƙa musu rami canza faifan. Duba zoben robar da ke kewaye da shi, in ya bushe ko ya tsage sa sabo, in ba haka ba nan da 'yan kwanaki za ka ga mai yana tsattsafowa ta wurin. Wajen mayarwa kada ka ɗaure sukurorin da ƙarfin tsiya, jikin faifan roba ce, tana fashewa.

Sai wuta. Yawancin akwatunan da ake dawo mini da su a ƙone, nan aka kashe su. Lambar tana son wutar batir mai bolt 12, wadda ke zuwa bayan an buɗe makulli. In ka ɗauko kai tsaye daga kan batir, za ta kwana a kunne ta shanye shi. In ka ɗauko daga wayar babbar fitila, a ƙananan babura da yawa wannan wutar daga koyil take zuwa kai tsaye, tana hawa da sauka da totur, lambar za ta yi ta ƙyaftawa har ta mutu. A tsarin Honda baƙar waya ita ce ta bayan makulli, koriya kuma ta jikin ƙarfe. Amma a wurin akwai baƙa mai jan layi da ke zuwa daga koyil zuwa akwatin wutar filogi, wutarta ta ninka ta batir sau da yawa, taɓawa ɗaya ta isa ta ƙone abin da ka saya. Akwai kuma baƙa mai farin layi, ta kashe injin. Saboda haka a nan ma gwaji ne, sai dai wannan karon bakin ƙwan ɗaya a jikin ƙarfen babur za ka maƙala shi: injin a kashe, wayar da ke kunna ƙwan in an buɗe makulli, ta ɗauke in an rufe, ita kake nema. Ni na fi son ɗaukowa daga wayar da ke kai wuta ga makunnin fitilar birki ko hon, cikin kwanon fitila, in kuma sa ɗan ƙaramin fiyus a tsakani.

Wani abu da ya shafe mu musamman: mutane da yawa suna hawa babur da mataccen batir, ko ma babu shi, kik kawai suke bugawa. Batir ba don sitata kaɗai yake ba, shi ke shanye hawa da saukar wuta. In babu shi, kayan lantarki masu laushi irin wannan ba sa daɗewa. In batirinka ya mutu, fara sayen batir, lamba ta jira.

Wajen haɗa wayoyin, don Allah kada ka bari kowa ya fere maka babban damin wayar babur da reza ya murɗa ya naɗe da salatif. Zafin watan Afrilu yana narkar da gam ɗin salatif, ruwan Agusta ya shiga, tagulla ta yi kore, bayan wata shida babur ya fara ɗauke wuta ba wanda ya san daga ina. A yi amfani da sokat in ta dace, in ba ta dace ba a yi dalma a sa robar da ke tsukewa da zafi. Bi da wayoyin ta hanyar da na kamfani suka bi, nesa da salansa da sarƙa, a ɗaure da igiyar roba. A wuyan babur bar musu sarari, ka juya kan har ƙarshe hagu da dama ka tabbata ba su ja ba.

Inda za a liƙa akwatin ma abin dubawa ne. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In sai ka sunkuyar da kai za ka ga lambar, duk kallo ɗaya ka yi wannan tazarar ba ka ga akuya ko yaron da ya fito ba. Sa ta a saman mita, inda gefen idonka zai kama ta. Gwada ta da tsakar rana kafin ka liƙa, domin wasu rana na shanye haskensu gaba ɗaya, sannan ka gwada da dare, domin masu shuɗin haske sukan kashe ido a hanyar da babu fitilu. Masu rage haske da kansu sun fi. Gam ɗin da ke zuwa a bayanta ba ya jure zafinmu, ƙara masa ɗan ƙarfe ko igiyar roba. Bakin da waya ke shiga ya kalli ƙasa, kuma ka gaya wa masu wanki kada su saita mata bakin injin feshi.

Mai babban babur da ya sayi mai lissafi, aikinsa bai kai wannan datti ba, amma wasu suna bukatar koyarwa. Irin wannan, bayan an soka ta, za ta nemi ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, kuloci a sake, totur a tsaye, har ta karɓi kowace ta wuce ta gaba. In babur daga tayar baya yake karanta gudu, ana iya yi a kan sitan mai ƙarfi, wani na riƙe da shi. In daga tayar gaba ne, sai an hau, a hanyar da babu cunkoso. In ka canza girman haƙoran sarƙa daga baya kuma gudun daga taya ake karantawa, sai ka sake koya mata. Tabbatar ka sayi wadda aka yi don samfurin babur ɗinka da shekararsa, domin sokat ɗin Honda daban, na Kawasaki daban. Kwamfutar irin waɗannan babura tana da tsada, wuyar samu kuma ta fi tsadar, ba wurin gwada na bogi ba ne. Araha ba ta ado.

Kafin mai babur ya tafi, akwai gwajin da ba na tsallakewa. Wayar firi a babura da yawa ba fitila kaɗai take kunnawa ba, ita ce ke ba sitata izinin juyawa, a wasu kuma tana da alaƙa da makunnin ƙaramin sitan na gefe. In an yi haɗin ba daidai ba, wuta takan bi ta cikin akwatin ta koma, babur ya ɗauka yana firi alhali yana giya. Alamar farko ita ce koriyar fitila tana ɗan haske dishi-dishi a cikin giya. Saboda haka babur na kan babban sitan, tayar baya a sama, sa 1, kada ka taɓa kuloci, danna sitata. In da can ba ya juyawa a haka yanzu kuma ya juya, kwance haɗin firi ka sa dayod a layin, wato ɗan abin nan da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ko ka cire wayar firi daga akwatin gaba ɗaya ka bar koriyar fitilar kamfani ta ci gaba da aikinta. Sannan ka hau ka zagaya unguwa, ka bi giyoyin sama da ƙasa sau da yawa, har da tsayawa cak a 3 ka ga ko lambar ta tsaya a 3. Da ka dawo rufe makulli, lambar ta mutu nan take, ka leƙa ƙarƙashin murfin haƙori ko akwai ɗigon mai, washegari da safe kuma ka sake leƙawa kafin ka tayar.